Zakaran da Ya Ƙi Yin Ɗingishi

A Gumbin Kure, cikin shekarun da aka yanke Kabi daga Sakkwato ta zama jiha, an yi wani mutum ana kiransa Tamu. Babu abin da Tamu bai sani ba. In ana hirar jirgin sama zai gyara wa mai magana, in ana hirar haihuwa zai gyara wa ungozoma. Aiki ne kawai ba su taɓa shiri ba.

Surukinsa Malam Ya'ƙub, dattijo ne mutumin Aliero, wanda ya tsufa cikin noman albasa. Saboda 'yarsa Shafa'atu ya ba Tamu aron lambu a bakin fadama, ƙasa mai kyau wadda kowa ke haɗiyar yawu a kanta. Shekara ta farko ciyawa ta cinye albasar. Ta biyu Tamu ya ce laifin iri ne. Da ta uku ta zagayo, dattijon ya kira shi ya ce, "Tamu, bana in lokacin dashe ya wuce ba ka dasa ba, Sabo za ni ba lambun ga." Sabo maƙwabcin Tamu ne, mutum marar surutu, wanda Tamu ke yi wa dariya kullum wai bayansa ya lanƙwashe don jan jigo.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Tamu. "Ni ba jigo za ni ja ba kamar mutanen da. Injin ban ruwa za ni saye. Albasar da za ni nomawa bana, sai an yi mata gammo kahin a ɗauki guda."

Ko kuɗin tiyon injin ba shi da su, amma ya riga ya faɗa a majalisa.

Ana nan, wata ranar kasuwar Jega, Tamu ya hau saman wata babbar mota da ta ɗauko albasa. Sun wuce Maiyama kaɗan taya ta fashe, motar ta yi tangal-tangal ta kwanta gefen hanya. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Wani Bafulatani mai suna Altine ya karye a hannu. Shi kuwa Tamu kan buhuna ya faɗa, ya miƙe ya karkaɗe riga, ya goya Altine har bakin titi, ya dawo ya tsaya yana koya wa direba yadda ya kamata ya riƙe sitiyari. Har albasa ya cika aljihu da ita.

Bayan kwanaki, yana zaune a tashar Jega yana ba da labarin yadda ya tare motar da kafaɗa, sai ga wani saurayi da jaka a hannu yana neman waɗanda hatsarin ya shafa. Sunansa Lawali, ma'aikacin kamfanin da ya yi wa motar inshora. Ya ce duk fasinjan da ya ji rauni kamfani zai biya shi diyya, wanda ya nakasa kuwa nasa ya fi tsoka. Sharaɗi ɗaya ne, sai likita ya duba mutum ya rubuta rahoto ya buga hatimi.

Tamu ya ji ƙarar injin ban ruwa a kunnensa. Nan take ya dafe gwiwa.

"Wayyo ƙahwata!"

Mai shayin tasha ya ce, "Kai da kaz zo nan da gudu kana bin mai ƙosai?"

"Kai mi kas sani game da ciwo? Karayar ɓoye ta. Sai ta kwana biyu tana shawara kahin ta hito."

Ya kama hanyar asibiti yana ɗingishi da dama. Da ya gaji ya koma hagu.

Likitan da ya samu, Aminullahi, mutum ne mai fara'a wanda ya ga irin su Tamu da yawa. Ya zaunar da shi kan gado ya ce, "Wace ƙafar ce ke ciwo?"

Tamu ya matso ya rage murya. "Likita, tsakaninmu. Dama da hagu, wace kamhwani yaf hi biya?"

"Farashinsu ɗaya."

"To rubuta dama. Ita nika hawan keke da ita."

Likita ya ɗauko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa masa gwiwa. Ƙafar ta yi tsalle ta harbi kwanon auduga, ya tashi sama ya faɗo a kan teburi.

"Ka gani ko?" in ji Tamu. "Ta haukace. Ba ta jin maganata."

Likita ya danne dariya ya ce yau babu wuta, ba za a iya ɗaukar hoton ƙashi ba, shi kuma ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Amma mako mai zuwa shi da Lawali za su je rugar su Altine wajen Giwa Tazo, sai su biyo ta Gumbin Kure ya sake dubawa da kyau.

Tamu ya fito yana murna, a ganinsa an gama. Da ya koma Gumbin Kure ya ɗauki hayar amalanke daga bakin titi, ya shigo gari a kwance yana nishi, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai dawowa daga Makka. Kafin la'asar gari ya ɗauka Tamu ya karye.

A nan lissafinsa ya fara kwancewa. Ya manta surukinsa mutumin Aliero ne, garin masu ɗorin karaya, kuma mutumin Aliero ba ya jin an ce karaya ya tsaya jiran likita. Washegari da hantsi sai ga Malam Ya'ƙub ya yi sallama, bayansa wani tsoho gajere mai hannuwa kamar taɓarya, riƙe da damin kara da ƙwaryar man shanu. Baba Yari ke nan, mai ɗori.

"Baba, ai ba sai an wahalsa tsoho ba," in ji Tamu. "Likita ya ce kar kowa shi taɓa."

"Likita ya ce?" in ji Malam Ya'ƙub. "Kakan likita ma wurinmu shika zuwa. Ku danne min shi."

Sabo ya danne kafaɗa, wani ƙato ya danne ƙugu. Baba Yari ya yi bisimilla ya bi ƙafar da yatsu tun daga cinya har idon sawu. Ya sake bi. Ya ɗago ya dubi Tamu cikin ido, ya daɗe yana dubansa, sannan ya gyaɗa kai.

"Irin wagga karaya na san ta," in ji shi. "Sai an ja."

Ya ja. Ihun da Tamu ya yi a ranar, shi ne abu na farko na gaskiya da ya fito daga bakinsa a makon. Tsohon ya murza, ya lanƙwasa, ya shafe da man shanu, ya jera kara ya ɗaure tamau.

Shi Baba Yari yana da wata hanya da ya gada wurin kakansa, ba kowane mai ɗori ke yin ta ba. In ya ɗora mutum sai a kawo masa zakaran gidan, ya shiga da shi ɗaki shi kaɗai, ya yi wa ƙafarsa irin abin da ya samu mai ciwon, ya ɗaure. Ranar da zakara ya taka, mai ciwo ya warke, ba musu. Aka kamo jan zakaran Tamu. Tsohon ya shiga da shi, can ya fito da shi ƙafa a naɗe da tsumma da 'yan tsinke.

"Na yi mishi daidai abin da yas same ka," ya ce wa Tamu. "Ban rage ba, ban ƙara ba."

Ya kuma hana shi tuwo da nama, sai kunu, wai kada ƙashi ya yi nauyi.

Malam Ya'ƙub ya ce, "Tunda lalura ta, ba ni ƙwace lambu ga marar lahiya. Sabo shi riƙa ba irin albasa ruwa. Ran da zakara yat taka, kai ma ka taka zuwa dashe."

Da kowa ya watse, Tamu ya kwanta yana lissafi. Karayar zakara ai ta kai wata guda. Likita zai zo ya tarar da ɗori, ga shaidu gari guda, ya buga hatimi. Ya yi murmushi ya ce wa matarsa, "Shafa'atu, kin ga yadda masu ƙwaƙwalwa ka aiki? Har tsohon nan na sa cikin shirin bai sani ba."

Kwana biyu da yin haka, da safe, Tamu ya buɗe ido ya ga zakara tsaye a kan ƙirjinsa da ƙafa biyu, ya tsattsage tsumman da baki, yana kallonsa ta ido ɗaya.

Tamu ya yi wuf ya cafke shi. Ya latsa ƙafar, ya juya ta. Lafiyarta ƙalau, ko tabo babu.

"Tsohon ga macuci na!" in ji shi. "Bai karya shi ba!"

Shafa'atu tana bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. Ta ce, "Ai ya hwaɗa maka, Malam. Daidai abin da yas same ka."

"Rufe ƙohwa, ki kawo tsumma."

"Tsumma ni kawo. Amma ka ji da kyau, ba ni tona maka asiri, ba ni kuma yi ma Baba ƙarya. In yat tambaye ni, shiru za ni yi, kuma ka san shirun da nika yi ana jin shi har Maiyama."

Daga ranar Tamu ya zama mai jinyar zakara. Ya sake ɗaure ƙafar, zakara ya kwance. Ya ɗaure da igiyar rama, ya kwance. Ya ƙulla masa ɗan dutse, zakara ya riƙa jan dutsen yana zagaya ɗaki yana ƙwanƙwasa kwanonin Shafa'atu. A ƙarshe ya kife shi da kwando a ƙarƙashin gado, ya aza turmi a kai.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba. Abin haushin, ba Tamu suke tambaya ba. Tsohuwa za ta shigo da sanda ta ce, "Ina kwana Tamu, yaya jikin zakara?"

"Da sauƙi dai ba a cewa komi, Inna. Jiya ko barci bai yi ba."

Sai zakara ya rangaɗa cara daga ƙarƙashin gado, har kwando na rawa.

"Wagga murya ta mai lahiya ta," in ji tsohuwar.

"Kuka shika yi. Ke ba ki san kukan zakara ba."

Ga yunwa. Kunu safe, kunu rana, kunu dare. Ƙanshin miyar gidan Sabo na tsallako katanga yana shiga hancinsa. Wata rana ya lallaɓa madafa ya tsoma hannu a tukunya, sai ya ji sallamar liman. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗa gado da malmalar tuwo a cikin hula. Liman ya daɗe yana addu'a, ya kuma dafa masa kai, ya danna da kyau, don albarka ta shiga.

Da ya ga ɗauri ba ya yi, sai ya yanke shawarar koya wa zakara ɗingishi. Ya kulle ƙofa, ya fito da shi, ya tsaya a gabansa.

"Duba nan. Haka za ka yi. Ka taka, ka noƙe. Ka taka, ka noƙe. In ka yi, ga tsaba."

Ya yi ta kai da komo a tsakar ɗaki yana nuna masa. Zakara ya cinye tsabar ya yi masa kashi a kan takalmi. Shafa'atu da ke leƙe ta taga ta ce, "Malam, kai dai ka iya. Shi ɗalibin na ba shi da ƙwaƙwalwa."

Can kuma ta sauke murya ta ce, "Sabo ya ce iri ya isa dashe, ya hwara tsuhwa. Ka kwance karan ga ka tahi lambu, a ce Allah Ya kawo sauƙi. Wallahi ban son mu rasa wurin nan, shi kaɗai muka da."

Maganar ta taɓa shi, don ya san gaskiya ce. Amma injin na ta ƙara a kunnensa. Ya ce, "Saura kaɗan. Hatimi guda, ki ga Sabo na roƙona aron tiyo."

Ranar da aka sa ta zo. Likita da Lawali suka iso a kan babur. Labari ya riga su, gidan Tamu ya cika har kan katanga. Malam Ya'ƙub ya zo daga Aliero da Baba Yari. Aka fito da Tamu tsakar gida a kan tabarma, ya sha rawani, ya langaɓe kai, yana nishi daidai yadda ya yi ta gwadawa.

Lawali ya buɗe jaka. "Malam Tamu, tun ranar hatsari ba ka taka ba?"

"Ko sau guda. Ƙahwar ga ta mutu, jana'iza ta rage."

Likita ya durƙusa zai kwance karan, sai Malam Ya'ƙub ya ce, "Dakata likita. A hito da zakara mu gani tukuna. Shi ba ya ƙarya."

"Baba, barci shika yi," in ji Tamu da sauri. "Yanzu nis samu yay yi barci."

Likita ya tambayi wane zakara, aka yi masa bayani. Ya ce ai kuwa shi ma yana son ganin wannan abokin aiki nasa. Malam Ya'ƙub ya juya wajen 'yarsa. "Shafa'atu, yaya jikin zakaran?"

Shafa'atu ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Gidan duka ya yi tsit yana sauraren shirun.

Sabo, don ya taimaka, ya shiga ɗaki ya ɗauke turmi. Bai ko taɓa kwandon ba. Zakaran da ya yi kwanaki a kife ya fito kamar an harbo shi, ya bi ta tsakanin ƙafafun liman, ya tsallake jakar Lawali, ya tashi fir ya sauka kan katanga. Ya miƙe da ƙafa biyu, ya buga fiffike, ya yi cara.

Mata suka ɗauki guɗa. "Ya warke! Tamu ya warke!"

"Bai warke ba!" Tamu ya daka tsawa. "Ƙarya shika yi! Ƙarhin hali na! Ku kamo shi ku gani!"

Babu wanda ya motsa, kowa na tafi. Tamu ya ga inji na tafiya a kan katanga da jan tukku. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tsallake likita, ya tsallake turmi, karan ɗori na ƙaras-ƙaras a ƙafarsa, rawani na warwarewa a bayansa. Zakara ya dira gidan Sabo, Tamu ya kama katanga ya haye. Zakara ya zagaya rijiya, Tamu ya zagaya. Suka watsa shanyar barkono, suka bi ta cikin awaki, suka fito titi, jama'a na biye da su ana ihu. Yara na cewa a ba zakara hanya, tsofaffi na cewa ba su taɓa ganin ɗori mai kyau irin wannan ba.

Lawali ya ce wa likita, "Wannan shi ne nakasasshen?"

"Shi ne. Rubuta, yana samun sauƙi."

Zakara ya juyo ya haye kan rumbun Sabo. Tamu ya ɗare bayansa, ya miƙa hannu, ya kama gashin wutsiya. Jinkar rumbun ta zame. Zakara ya tashi ya bar masa gashi biyu a hannu, shi kuwa ya yo ƙasa ya faɗa kan dutsen niƙa. Ƙarar da aka ji, ko kurma ya san ta ƙashi ce.

Ƙafar hagu ce, wadda ba a ɗaure ba.

Aka kwaso shi. Wannan karon bai yi ihu ba, zufa kawai yake yi. Baba Yari ya taɓa ya ce, "Yauwa. Yanzu kab ba ni aiki." Likita ma ya duba ya ce babu shakka ta karye, ya zaro alƙalami.

Tamu, duk da azaba, ido ya buɗe. "Likita, ka tabbatar?"

"Na tabbatar."

"To buga hatimi!"

Likita ya rubuta, ya buga, ya miƙa wa Lawali. Jama'a suka ce a karanta musu da Hausa. Lawali ya gyara murya ya karanta cewa majinyaci ya karye a ƙafar hagu sakamakon faɗowa daga kan rumbu yana bin zakara.

"To yaushe za a biya?" in ji Tamu.

"Malam Tamu, mota muka yi wa inshora. Zakara ba ya cikin fasinjojinmu."

Dariyar da aka yi har mutane na riƙe ciki. Malam Ya'ƙub kaɗai bai yi ba. Ya jira ta lafa, ya ce, "Da karayar hwarko gaskiya ta, da na jira ka ko shekara ta. Sabo, gobe ka shiga dashe. Lambu naka na." Ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Shafa'atu ta shige ɗaki, ba a sake jin motsinta ba sai magariba.

Tamu ya yi watanni a kwance. Masu dubiya suka ragu, masu tsokana suka ƙaru. Takardar likita kuwa ya sa aka liƙa masa a bango, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce duk Gumbin Kure babu mai hatimin likita sai shi.

Da kakar albasa ta zo, yana zaune ƙofar gida da sandarsa, jakuna suka riƙa wucewa daga fadama da buhuna, ɗaya bayan ɗaya. Da yamma Sabo ya shigo da kwando cike, ya ajiye a gaban Shafa'atu, ya ce a sa a miya, haƙƙin maƙwabtaka ne. Ya juya ya fita.

Tamu ya ɗauki guda. Ta cika masa tafin hannu, ja wur, fatarta na sheƙi, har da sauran ƙasar lambun a jikin saiwarta. Ya juya ta, ya auna nauyinta.

"Ƙanana na," in ji shi. "Da ni nin noma, da ta ninka wagga."

Shafa'atu ta dube shi ta ga ido ya cika, hawaye na bin gemu.

"Malam, kuka kaka yi?"

"Wane irin kuka? Albasa ta. Yaji gare ta."

"Ai ba a ko yanka ta ba, Malam."